Ranar da Muka Kulle Janareta a Sito

Ni na ce a shigar da janaretan cikin sito. Na fara da wannan ne saboda na daɗe ina ba da labarin ranar nan ina tsallake shi, sai in ce "aka shigar", kamar wani ne ya taso daga kasuwa ya zo ya yi mana. Babu wanda ya kawo shawarar sai ni, kuma saura ƙiris ƙanena ya mutu a dalilinta.

Mu uku ne a ƙungiyarmu. Ni nake kaɗa jita, a sauran ranaku kuma ina gyaran rediyo da waya a bakin tashar Illela. Ƙanena tela ne, shi ke zama bayan ganguna, wasu tsofaffi irin na Turawa da muka sayo hannu na biyu daga Sakkwato. Nakan tsokane shi cewa keken ɗinki ne ya koya wa ƙafarsa kiɗa, don yadda yake taka fedar keken haka yake taka ta babbar ganga. Na ukunmu mawaƙi ne daga Ƙonni, tsallaken iyaka, shi ke rera waƙa yana kaɗa bes, wato jita mai kaurin murya. Kiɗanmu mai ƙarfi ne, 'yan boko suna ce masa rok, tsofaffi kuma suna ce masa hayaniya. Mun yi bukukuwa a ƙauyukan Araba da Lafani, matasa sun yi rawa har sun gaji, sai kanmu ya kumbura muka ce lokaci ya yi da za mu fitar da albam.

Sutudiyon da muka samu ɗaki ɗaya ne a bayan jerin shaguna. Babu taga. An liƙe bangon da kwalayen ƙwai, an jingina tsofaffin katifu a ƙofa daga ciki don kada ƙarar titi ta shigo. Mai shi mutumin kirki ne, sai dai aikinsa tallan maganin gargajiya ne da waƙoƙin biki da ake haɗawa da fiyano, bai taɓa ɗaukar ganguna na gaske ba. Na'urarsa ba ta iya raba mu, don haka dole mu yi kiɗan tare gaba ɗaya, daga farkon waƙa har ƙarshenta. Idan mutum ɗaya ya kuskure, ko ya yi tari, ko sanda ta suɓuce masa, sai kowa ya koma farko. Shi ya sa muka kafa doka: da zarar mai sutudiyo ya ɗaga hannu ya sauke, babu mai tsayawa, babu mai magana, sai waƙa ta ƙare.

Waƙoƙi takwas muka shirya. Mun gama bakwai a cikin Lahadi uku, saura ɗaya, wadda ta fi tsawo kuma ta fi wahala. Lahadi muke yi saboda ranar kasuwa ce, lokacin kuma an tsananta tsaro a kan iyaka, sai a cikin 'yan kasuwa mawaƙinmu yake iya shigowa. Da ya iso a Lahadi ta huɗu, kafin ma ya ajiye bes ɗinsa ya ce:

"Ɗan'uwa, yau ko mu gama ko mu bari. Hanya ta ɓaci. In na tahi bayan la'asar, ban san randa za ni dawo ba."

Ga shi an ɗauke wuta tun safe. Bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare ba ya son hawa bango. Mai sutudiyo ya tayar da ɗan janaretansa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Da makirufo ɗaya da mai talla ɗaya ba a jin ƙararsa, amma mu makirufo biyar muka buɗe, uku a kan ganguna kaɗai. Da muka saurari gwaji, sai ga gurnanin janareta kwance a ƙarƙashin kiɗan. Muka ja shi nesa, waya ta gaza. Muka kifa masa kwali, bai hana komai ba. Mawaƙin yana ta duba agogo.

A jikin ɗakin akwai wani ɗan sito mai katangar ƙasa, mai kauri, ƙofarsa tana ta waje. Akwai rami a ƙasan bangon da ya raba shi da sutudiyon, inda aka taɓa zura wayar wuta. Ina ganinsa na ce ga magani. Mu sa janaretan a ciki, mu zuro waya ta ramin, mu rufe ƙofa mu danne ta da katifa. Mai sutudiyo ya ɗan yi jim, ya ce ba zai yi zafi ya mutu ba? Tunaninsa a kan injin yake, ba a kanmu ba. Na ce masa ni da nake kwana ina tashi cikin wayoyin wuta, ya bar min wannan. Ni da ƙanena muka ɗauke shi muka kai. Muka koma ciki muka saurara, tsit, ƙarar ta ɓace. Har tafa min suka yi, ni kuwa ina ta hura hanci.

Ramin nan a bayan kujerar ƙanena yake, daidai ƙugunsa.

Muka sa sakata, muka jingina katifu, muka fara. Karo na farko ni na kuskure. Na biyu mawaƙin ya manta baiti. A na uku ko na huɗu muka fara jin ɗan warin hayaƙi, amma wa zai kula da warin fetur a Illela, garin da kowace kwana ana sayar da shi a kwalba? Kaina ya fara sarawa, na ce zafi ne. A karo na biyar muna tsakiyar waƙa, komai yana tafiya daidai, sai ƙanena ya tsaya cak ya dafe goshi.

"Yaya, kaina na ciwo ƙwarai. A buɗe ƙohwa kaɗan mu sha iska."

Abin da na faɗa masa har yau ina jin kunyarsa. Na ce mu ma kawuna gare mu, ba duwatsu ba. Na ce mutum ya ratso daji ya zo don wannan waƙa, shi kuma angwanci ya sangarta shi, wata biyar da aure ya zama ragon maza. Na ce idan ya ƙara tsayar da mu, ya tattara gangunansa ya koma ɗinkin hula. A gaban baƙo na faɗa masa haka. Ya sunkuya ya ɗauki sandunansa. Daga baya mawaƙin ya gaya min shi ma a lokacin amai yake ji, mai sutudiyo kuma ya ce yana ganin allon kwamfutarsa bibbiyu. Kowa ya ji yadda na yi wa ƙanena, sai kowa ya haɗiye nasa.

Mai sutudiyo ya ɗaga hannu ya sauke, muka shiga karo na shida.

Ban taɓa jin mun yi kiɗa mai daɗin wannan ba. Jikina ya yi sakayau, yatsuna suna tafiya da kansu. Muka wuce baiti na farko, muka wuce na biyu, muka kai wurin da mawaƙi yake yin shiru ni in yi ta kaɗa jita ni kaɗai a kan ganguna. A nan na ji kiɗan ƙanena ya fara ja da baya. Kaɗan ne da farko, kamar mai tafiya da takalmi ya yi masa nauyi. Na waiwaya. Kansa yana sunkuye, haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, hannayensa ne kawai suke motsi. Na san wannan ba fushi ba ne, ba kuma gajiya ba.

Ban tsaya ba. Na ce a raina saura minti biyu, ya daure minti biyu, in mun gama ni da kaina zan yi masa fifita. Na juya masa baya na ci gaba da kaɗawa, har ina rage gudu don in dace da shi.

Sai na ga mawaƙin ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa, bes a kan cinyarsa, idanunsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Na dubi mai sutudiyo, ya kifa kai a kan tebur kamar ɗalibi mai barci. A bayana na ji sanda ta faɗi, sannan wata ƙara mai tsawo ta farantan ƙarfen ganguna. Ƙanena ne ya kifa a kansu ya gangara ƙasa.

Na yi nufin in ruga wurinsa, ƙafafuna suka ƙi. Taku ɗaya na yi na durƙushe, jitar tana rataye a wuyana tana wani irin kuka a lasifika. Na kira shi, muryata ta fito siririya. Tsoron da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba, don ban san abin da ke kashe mu ba. Babu wuta, babu hayaƙin da ido ke gani, ƙwan lantarki yana haske lafiya lau, ga mutane uku a zube. Wani barci mai daɗi yana jana, wata zuciya tana ce min in ɗan kwanta tukuna. Wannan barcin ya fi komai ba ni tsoro idan na tuna.

Da rarrafe na kai ƙofa. Na ture katifa ɗaya, ɗayar ta faɗo min a ka. Na kama sakata, sai na rasa ta wane gefe ake janta. Sakatar da na sa da hannuna, na tsaya ina kallonta ina kuka. Na tura dama, na tura hagu, na buga ƙofar da goshi. Ban san yadda ta buɗe ba. Na dai ga hasken rana, na faɗa waje da fuska, na yi ta amai a cikin ƙasa.

Wani dattijo mai facin taya a shagon gaba shi ya fara isowa. Na kasa magana, sai nuna ɗakin nake yi. Ya leƙa, ya ja da baya yana salati, ya ƙwala wa mutane kira. Nan da nan aka fito da su uku aka shimfiɗa a inuwa. Mawaƙin da mai sutudiyo suna nishi suna motsi. Ƙanena ko yatsa bai ɗaga ba. Aka kwara masa ruwa, wani ya fasa albasa ya kanga masa a hanci, wata mai fura ta ce a ɗura masa nono. Na ji wani a bayana yana cewa ai dama irin wannan kiɗa da tsakar rana kiran mutanen ɓoye ne, ga shi sun amsa.

Dattijon ne ya tsaya ya kasa kunne. Ya ce:

"Ku yi shiru. Ina injin da nika jin ƙara tai?"

Na nuna sito. Ya fizge katifar ya bankaɗe ƙofar, wani zafi da hayaƙi suka bugo shi har ya yi baya yana tari. Ya toshe hanci ya shiga ya kashe shi. Da ya fito idanunsa jajur, ya dube mu ya ce:

"Wane mahaukaci yas sa inji cikin ɗaki ya ruhe? Ba iskoki ba ne, hayaƙi na. Kada wanda ya ba shi nono, shaƙe shi za ku yi. Ku kai shi asibiti yanzu-yanzu!"



A kan babur muka ɗauke shi, ɗan kabu-kabu a gaba, ƙanena a tsakiya, ni a baya na rungume su duka biyu. Ni kaina jiri nake ji, ban san wanda ke riƙe da wani ba. Ranar kasuwa ce, hanya cike da manyan motoci da shanu da amalanke. Kansa yana lilo a kafaɗata, ƙafafunsa suna jan ƙasa, takalminsa ɗaya ya fita ban ce a tsaya ba. Na sa tafin hannuna a ƙirjinsa ina neman bugun zuciya, girgizar babur ta hana ni ganewa. Wani garken shanu ya tare mu, na yi ta yi wa makiyayin ihu, shi kuwa yana kallona bai san abin da nake cewa ba. Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu na fara su na kasa ƙarasawa.

A asibiti aka karɓe shi aka sa masa abin shaƙar iska a fuska. Ni ma suka ce in kwanta, na ƙi. Na zauna a ƙasa a bakin ƙofar ɗakin ina kallon ƙirjinsa ta tsakanin labule, idan ya ɗaga in saki numfashi, idan ya jinkirta in miƙe tsaye.

Inna ta iso tare da matarsa, ko mayafin kirki matar ba ta tsaya ɗauka ba. Inna ba ta taɓa son kiɗan nan ba, amma ba ta taɓa hana mu ba. Ta dubi ɗanta a kan gado, ta juyo ta dube ni.

"Mi yas same shi?"

Na ce hayaƙin janareta ne.

"Kai kana ina?"

Na ce ina wurin. Ta daɗe tana kallona, sannan ta shiga ta zauna a gefen gadon ta riƙe ƙafarsa, wadda ƙasa ta goge wa fata a kan hanya. Matarsa kuwa ni ta tsuguna wa tana kuka tana cewa, "Yaya, Allah shi saka maka, an ce kai ka buɗe ƙohwa." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Gab da magariba ya buɗe ido. Ya dubi Inna, ya dubi silin, ya tambaya ko an yi sallar azahar. Na fita waje na jingina da bango.

Na ɗauka shi ke nan, ashe da saura. Da za a sallame shi, likitan ya ja ni gefe ya ce mu sa masa ido na wasu makonni, don wannan hayaƙin wani lokaci yakan bar mutum ya warke sarai, daga baya kuma ya dawo ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, ya fara mantuwa ko hannunsa ya riƙa rawa. Ban gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai in rufe shagona in tafi nasa in zauna, wai hira na zo. Ina kallon yadda yake zura zare a allura. Ina kallon almakashi a hannunsa. In tambaye shi sunan wani abokinmu na makarantar allo, in yi kamar ni na manta. Wata rana ya ɗinka aljihu a bai-bai, abin da kowane tela yakan yi, ni kuwa ranar ko abinci ban iya ci ba. Da ya gaji ya ce, "Yaya, ko dai koyon ɗinki kaka so?"

Abu ɗaya ne ya ɓace masa. Bai tuna komai na ranar ba tun daga lokacin da muka ɗaura ganguna. Bai tuna sito ba, bai tuna ya ce a buɗe ƙofa ba, bai tuna abin da na faɗa masa ba. Na san haka, kuma na ji daɗin haka, Allah ya yafe min.

Bayan kamar wata guda mai sutudiyo ya zo shagona da ɗan katin memori na waya. Kwamfutarsa mai batir ce, ba ta mutu ba da aka kashe janareta, ta ɗauki karo na shida gaba ɗaya. Ya ce shi ba zai iya sauraro ba, in yi yadda na ga dama da shi. Na yi niyyar gogewa. Kuskuren da na yi shi ne na ambata a gaban ƙanena, ya ce lallai sai ya ji, ai kiɗansa ne.

A shagonsa muka saurara da hantsi, a wayata da abin sa wa a kunne, kunne ɗaya nasa ɗaya nawa. Da farko yana murmushi yana taka ƙafa, ya ce ashe mun iya. Da aka zo wurin jita ni kaɗai, sai ƙafarsa ta tsaya. Ana jin gangar tana ja da baya, tana tsallake bugu, tana dawowa. A ƙarƙashinta ana jin numfashinsa, don makirufo uku ne a gabansa. Ya duba lambobin da ke tafiya a fuskar wayar. Daga inda ya fara lalacewa zuwa inda ya faɗi, minti ɗaya ne da rabi da 'yan daƙiƙu. A duk tsawon wannan lokaci jitata tana tafiya tsaf, babu gargada ko ɗaya, har ana jin inda na sassauta don in jira shi.

Ya mayar da wurin baya ya sake ji. Sannan ya tsayar, ya dube ni. Babu fushi a fuskarsa, tambaya ce kawai.

"Yaya, nan ka rage gudu. Ke nan ka ji ni."

Ina iya cewa hayaƙin ya riga ya bugar da ni, kuma da ya yarda, don akwai gaskiya a ciki. Amma na san lokacin da na waiwaya, na san abin da na gani, na san abin da na zaɓa.

Na ce, "Na ji ka. Na waiwaya ma na gan ka."

"Sai ka ci gaba."

"Sai na ci gaba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya cire abin daga kunnensa, ya naɗe igiyarsa a yatsunsa da kyau ya miƙo min, ya jawo rigar da yake ɗinkawa ya sa a ƙarƙashin allura. Na zauna ina jiran ya ƙara wata magana, ko zagi ne, bai ƙara ba. Da azahar ta yi ya ce in tashi mu je masallaci, muka tafi tare.

Lafiyarsa ƙalau har yau, hannunsa bai taɓa rawa ba. 'Ya'yansa a gidana suke wuni, shi yake ɗinka min kayan sallah. Da hanya ta buɗe mawaƙin ya dawo daga Ƙonni ya ce mu ƙarasa waƙa ta takwas, na je na gaya wa ƙanena. Ya ce ganguna suna nan a soro, duk wanda muka samu ya zo ya ɗauka, shi dai ba zai ƙara zama a bayana ba.